Itatuwan da Aka Bari a Gida: Rawayan Ganye, Ƙasa Mai Kanwa da Aikin Farar Wuta

Jawabin ma'aikatan sashen noma ga iyalan da suka fito daga Khartum, Omdurman da Bahri. An buga shi a nan domin waɗanda ba su samu zuwa zaman ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba marasa lafiya sauƙi.

Tun ranar 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙi ya ɓarke a Khartum, da yawa daga cikinku kuka rufe ƙofa kuka fito da abin da hannu zai iya ɗauka. Abin da bai ɗauku ba har da itatuwan tsakar gida: lemun tsami, gwaba, mangwaro, dabino, darbejiya da lalle. Daga watan Maris na 2025, da faɗa ya lafa a tsakiyar birnin, mutane suka fara komawa, kuma hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta ce zuwa watan Oktoba na 2025 waɗanda suka koma Khartum sun haura miliyan ɗaya. Komawa shawara ce ta kowane iyali, babu wanda za mu ce masa ya tafi ko ya zauna. Amma tambaya ɗaya tana ta zuwa mana daga waɗanda suka je duba gida suka dawo, da waɗanda danginsu ke kira ta waya: itace ya rayu, an ba shi ruwa, ya yi toho, amma sabon ganyen rawaya ne, kuma fure yana zubewa. An ce musu a sayi kibrit a zuba. Shin gaskiya ne? Nawa za a zuba? Amsar da muka zo da ita ke nan yau, domin itacen lemun tsami ɗaya mai lafiya yana ba gida abin miya, da abin sha ga yara, da ɗan kuɗin cefane, kuma wanda ya mutu sai an jira shekaru kafin sabo ya maye gurbinsa.

Kafin a taɓa fartanya

Maganar farko ta fi maganar itace nauyi. An yi yaƙi gida gida a unguwannin Khartum, kuma harsasai, gurneti da rokokin da ba su fashe ba suna nan a tsakar gidaje, a ƙarƙashin ɓaraguzai da cikin busasshen ganye. Damina kuma tana binne su da laka. Duk aikin da za mu faɗa yau yana da haƙa a ciki, saboda haka ba a fara shi sai an tabbata wurin ba shi da haɗari. In kun ga ƙarfen da ba ku san shi ba, kada ku taɓa, kada ku ture shi da sanda, kada ku jefe shi. Ku ja da baya ta hanyar da kuka bi kuka shigo, ku sa alama daga nesa, ku hana yara zuwa, ku sanar da kwamitin unguwa domin a kira ma'aikatan Cibiyar Kawar da Nakiyoyi ta Ƙasa ko na UNMAS. Kada a tara shara a gindin itace a cinna mata wuta, don zafi yana tayar da abin da ke kwance. Inda kuma larura ta sa aka yi jana'izar wani a cikin gida ko a filin unguwa, a bar wurin, a sanar da hukuma.

Itacen yana da rai?

Bayan haka sai a duba itacen kansa. A kankare ɓawon reshe da farce ko bakin wuƙa. In ƙarƙashinsa kore ne mai danshi, akwai rai. In busasshe ne, a gangara ƙasa kaɗan a sake gwadawa, har a kai kututture. Itacen da ya daɗe da ƙishirwa kamar mutumin da ya daɗe da yunwa ne, ba a fara masa da abinci mai nauyi. Ruwa kawai za a riƙa ba shi, a jiƙa ƙasa sosai, a bar ta ta sha iska, a sake. A sare busassun rassa. Ba taki, ba kibrit, sai ya yi sabon toho ya nuna saiwoyinsa sun farfaɗo, kuma hakan kan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu. Masu lemun zaƙi ko mangwaron aure su lura da inda tohon ya fito. In daga ƙasa da mahaɗar auren ya fito, na uwar gindi ne, 'ya'yansa ba za su zama irin waɗanda kuka sani ba.

Tsami da kanwa

Iyayenmu mata sun san wannan ilmi tun daga madafa. In miyar yakuwa ta yi tsami da yawa, ɗan jiƙon kanwa ake zubawa, wadda ake kira atrun a nan, sai tsamin ya karye. In kanwa ta yi yawa, abu mai tsami ke gyara ta. Ƙasa ma haka take: akwai mai tsami, akwai mai kanwa. Masana suna auna wannan da ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa ne. Kowane hawa ɗaya ninki goma ne, wato ƙasa mai 8 ta ninka mai 7 sau goma.

Lemo da mangwaro sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Ƙasar Khartum kuwa yawancinta tana kan 8 ko sama da haka. Dalilin shi ne ƙarancin ruwan sama. Abin da Khartum ke samu a shekara bai cika kai milimita 200 ba, kuma bai isa ya wanke farar ƙasa, wato jir, da gishiri daga sama zuwa can ƙasa ba. Rana tana janye ruwan, su kuma suna zama. Haka baƙar lakar Jazira da ta Gadarif take, wadda kakannin da yawa daga cikinmu suka noma auduga da dawa a kanta tun bayan kammala madatsar Sinnar a 1925. A kudancin Khartum, wajen Soba, matsalar gishiri da kanwa ta kai har Hukumar Binciken Aikin Gona ta kafa tasha a can don gyaran irin wannan ƙasa.

Abin da kanwar ke yi wa itace shi ne ɗaure masa abinci. Akwai sinadarin ƙarfe a cikin ƙasar, da yawa ma, amma idan ma'aunin ya hau, ƙarfen ba ya narkewa yadda saiwa za ta sha. Kamar hatsi ne a rumbu an kulle, mai gida yana kwana da yunwa. Ba tare da ƙarfe ba kuwa ganye ba ya yin kore.

Yaƙin ya ƙara wa wannan matsala. Ɓaraguzan siminti da farar shafen bango da suka zubo a gindin itatuwa duk jir ne. Tokar gobara da tokar girki kanwa ce, shi ya sa ake tace ruwan toka a sa a miya. Inda famfon ruwan Nilu ya tsaya aka koma rijiya, sau da yawa ruwan ya fi gishiri.

Karanta ganye

Ba kowane rawayan ganye ne farar wuta ke magani ba, saboda haka a duba da kyau kafin a kashe kuɗi.

In sabon ganyen da ke kan reshe ne ya yi rawaya, amma jijiyoyinsa suna nan kore kamar zanen raga, tsofaffin ganye kuma lafiya lau, wannan rashin ƙarfe ne, kuma shi ne maganarmu ta yau. In ya tsananta ganyen kan yi fari fat.

In tsofaffin ganye na ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya har da jijiyoyin, yunwar taki ce. Ruɓaɓɓen kashin dabbobi ko ɗan takin zamani zai gyara.

In bakin ganye da gefensa sun ƙone kamar an kai su kusa da wuta, kuma ana ganin farin gari a kan ƙasa bayan ta bushe, gishiri ne. Maganinsa ruwa mai kyau mai yawa da zai tura gishirin ƙasa da saiwa.

In ƙasa kullum caɓa-caɓa take, ganye yana rawaya yana zuba, ko ƙaro yana tsatsowa daga gindin lemo, ruwa ne ya yi yawa, saiwa ta rasa iska. Ƙasar da ke jiƙe kullum tana ƙara tsananta rashin ƙarfe, don haka wani lokaci rage ban ruwa kaɗai yana dawo da kore.

Gwaji biyu masu sauƙi

Na farko da khal ake yi, wanda ake sa wa salatin. A ɗebo busasshiyar ƙasa daga zurfin taƙi ɗaya, a wurare uku ko huɗu a ƙarƙashin inuwar itacen, a gauraya, a zuba cokali ɗaya a faranti, a ɗiga khal. In ta yi kumfa tana tsuwa, akwai jir a ciki. Yawan kumfa, yawan jir.

Na biyu da takardar gwajin pH ake yi, wadda ake samu a shagunan kayan noma. Kofi ɗaya na ƙasa, kofi ɗaya na ruwan sama ko ruwan kwalba, a dama, a bari rabin awa, a tsoma takardar a ruwan da ya taso, a gwada launinta da na jikin kwali. In ta nuna 7.5 ko ƙasa da haka, ba ku bukatar farar wuta. In tsakanin 7.5 da 8.5 ne, yawanci aikin jir ne. In ta haura 8.5, kuma ruwa yana kwanciya a kan ƙasar ba ya shiga, ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, to akwai gishirin kanwa, kuma za mu zo kansa.

Yadda farar wuta take aiki

Kibrit shi ne abin da muka sani da farar wuta, garin nan rawaya. Shi kansa ba shi da tsami, kuma ba ya narkewa a ruwa. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune cikin ƙasa, su ne ke cin sa su mai da shi ruwa mai tsami, tsamin kuma ya karya kanwar da ke kusa. Halittun nan suna bukatar abu uku: ɗumi, danshi da iska. Ɗumi dai Khartum ba ta rasa shi ba. In ƙasa ta bushe, garin zai zauna yadda aka zuba shi ko da shekara ce. In kuma ruwa ya kwanta a kansa, sai ya koma wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, mai cutar da saiwa. Gari mai laushi ya fi dunƙule saurin aiki, amma ko shi sai an yi wata biyu zuwa uku kafin a fara ganin canji. A nan ne karin maganar nan ta mai haƙuri da dafa dutse ta zo daidai, don jir dutse ne, kuma narkar da shi ake yi.

Akwai iyaka ga abin da farar wuta za ta iya, kuma gara ku ji lissafin da kunnenku. Kilo ɗaya nata yana karya kimanin kilo uku na jir. Fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, zurfin santimita 20, nauyin ƙasarsa ya kai wajen kilo 280. A ce kashi 5 cikin 100 jir ne, kilo 14 ke nan, kuma yana bukatar farar wuta kilo 4 da rabi. Itacen da faɗin inuwarsa ya kai mita 4 yana rufe wajen murabba'in mita 12, wato sama da kilo 50, buhu guda. Babu mai wannan kuɗin a yau, kuma ko an zuba, saiwa za ta ƙone kafin jir ya ƙare. Duk wanda ya ce muku zai sauya ƙasar gidanku gaba ɗaya da leda ɗaya ta kibrit, ciniki yake nema.

Abin da ke yiwuwa shi ne a yi wa itacen 'yan wurare masu tsami a cikin ƙasarsa. Itace ba ya bukatar dukan saiwoyinsa su samu ƙarfe. In wasu daga ciki suka shiga wurin da ƙarfe ya narke, za su sha su aika wa ganye.

Yadda ake yi

A fara da kwashe ɓaraguzan siminti, farar shafe da toka daga ƙarƙashin itacen, har ɗan gaba da inuwarsa.

Da tsakar rana a duba inda inuwar itacen ta tsaya, a zana da'ira a nan. Ƙananan saiwoyin da ke shan abinci a wajen nan suke da yawa. Kusa da kututture manyan saiwoyi ne masu riƙe itace, kuma farar wuta ba ta kusantar kututture da ƙasa da rabin mita.

A kan da'irar a haƙa ƙananan ramuka, zurfin santimita 20 zuwa 30, taku ɗaya babba tsakanin rami da rami. Itace mai inuwar mita 4 zai ci ramuka 12. In an ci karo da saiwa mai kaurin yatsa, a kauce mata.

Ma'aunin shi ne giram 50 zuwa 100 ga kowane rami, wanda ya yi daidai da giram 50 zuwa 100 ga kowane murabba'in mita. Masu ƙasa mai yashi da tsakuwa, irin ta yawancin Omdurman da Umbadda, su tsaya a 50, don yashi ba ya jure yawa. Masu laka, irin ta tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, za su iya kai 100. Jimla ga irin wannan itace giram 600 ne zuwa kilo ɗaya da giram 200. Ƙaramin itace, ƙaramin rabo. Wanda ba shi da sikeli ya sa mai shago ya auna masa giram 50 a gwangwanin tumatir, ya yi wa gwangwanin alama, ya zama mudunsa.

Ba a zuba garin tsurarsa. A gauraya shi da ƙasar da aka haƙo da tafi biyu ko uku na ruɓaɓɓen kashin awaki ko na shanu, sannan a mayar cikin ramin. Takin yana riƙe danshi, yana ciyar da halittun nan, kuma shi ma yana taimaka wa ƙarfe ya narke. Ɗanyen kashi yana ƙona saiwa, sai wanda ya ruɓe ya daina wari.

A yi kunya biyu ta ƙasa, ƙarama kewaye da kututture don kada ruwa ya taɓa shi, babba a wajen ramukan, a riƙa ban ruwa a tsakaninsu. A rufe wurin da busasshen ganye ko ciyawa mai kaurin yatsu huɗu.

Lokacin da ya fi shi ne farkon damina, wajen watan Yuli, ko bayanta a watan Oktoba in akwai ruwan ban itace. A guji tsakiyar bazara, Afrilu zuwa Yuni, lokacin da zafi ke haura digiri 40, itace yana fama da kansa. In ruwan gida bai wadatar da sha da girki ba, a ɗage aikin gaba ɗaya. Farar wuta tana barin nata gishirin a ƙasa, kuma in babu ruwan da zai wanke shi, an ƙara wa itace ciwo.

Sakamakon a sabon toho ake ganinsa. Ganyen da ya riga ya yi rawaya ba lallai ya dawo ba. Kada a sake zubawa kafin wata shida, kuma a karo na biyu a haƙa sababbin ramuka a tsakanin na farko. Da yake jir ɗin da ke kewaye yana nan, aikin na maimaitawa ne, sau ɗaya ko biyu a shekara.

Ƙasar da ta yi tauri kamar daɓe

Ga masu ma'aunin da ya haura 8.5, abin da ake bukata shi ne a kori gishirin kanwa da ya toshe ƙasar. Jibs na noma ke wannan aiki: yana ture gishirin daga jikin laka, ruwa ya tafi da shi. Jibs ba ya sauke ma'auni a ƙasar jir ta yau da kullum, saboda haka ba ya maye gurbin farar wuta wajen rawayan ganye. A nemi na noma. Na gini, irin wanda ake sayarwa a kasuwar Sajjana, daskarewa yake in ya sha ruwa. In ƙasar ta yi kumfa da khal, farar wuta ma za ta yi wannan aiki, don tsaminta in ya haɗu da jir, jibs yake zama a cikin ƙasa. Kilo ɗaya nata yana tsaya wa wajen kilo biyar na jibs, sai dai ta fi jinkiri.

Gargaɗi ga mazauna kusa da Mantiƙa Sinaiya

Da yawa daga cikin mazanmu da samarinmu a garejoji da masana'antun Mantiƙa Sinaiya suke neman abinci, wasu kuma gidajensu na maƙwabtaka da ita, a Khartum ko a Omdurman. Abu uku muke roƙonku.

Na ɗaya, ruwan batir. Gaskiya ne tsamin da ke cikinsa ɗan'uwan wanda farar wuta ke haifarwa ne, shi ya sa wasu ke cewa a zuba shi a huta da jira. Kada a yi. Yana ƙona saiwa nan take, yana makantar da ido, kuma na tsohon batir yana ɗauke da dalma. Dalma ba ta ruɓewa a ƙasa. Yaro mai rarrafe yana kai ta baki da hannunsa, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma wannan lahani ba ya gyaruwa.

Na biyu, garin da aka tsinto. Rumbunan ajiya da yawa sun ƙone ko an fasa su, kayansu sun bazu a kasuwa ba suna. Ba duk gari rawaya ne farar wuta ba. A saya a shagon kayan noma, cikin buhu ko leda mai rubutun kibrit zira'i.

Na uku, in itacenku yana wurin da aka taɓa fasa batura, ko zubar da baƙin mai, ko inda tokar masana'anta ta sauka, kada a sa masa farar wuta ko kaɗan. Tsami yana narkar da dalma da 'yan'uwanta kamar yadda yake narkar da ƙarfe. A irin wannan wuri kanwar ƙasa kariya ce. A rufe wurin da ƙasa mai tsabta, a wanke 'ya'yan itace kafin a ci, kada a shuka lalo, alayyafo ko jarjir a nan.

Ajiya da tsaro

Farar wuta tana kama wuta, hayaƙinta kuma yana shaƙe numfashi, musamman ga yara da masu asma. A ajiye ta nesa da murhu, gawayi da kyandir. A raba ta da garin kulorin da ake rabawa don tsabtace ruwa saboda kwalara, domin haɗuwarsu na iya tayar da gobara. Lokacin aiki a rufe hanci da ƙyalle, a guji ranar iska, a wanke hannu kafin a taɓa ido ko abinci. A hana awaki da kaji tonon ramukan. Kada a barbaɗa ta a kan ganye da zafin rana, tana ƙona shi.

Amsar tambayoyinku

Wata mahaifiyarmu ta tambaya ko a binne tsofaffin ƙusoshi a gindin lemo. Hajiya, ba za su cutar ba, amma ba za su yi magani ba, don ƙasar ba ƙarfe ta rasa ba, ɗaure shi ta yi, kuma tsatsar ƙusa ma ɗaure ta za ta yi.

Wani dattijo ya ce shi ba zai iya jiran wata uku ba, itacensa ya kusa mutuwa. Baba, akwai garin ƙarfe ja mai duhu da aka haɗa shi yadda kanwa ba ta ɗaure shi. A duba haruffan EDDHA a jikin ledar. Ana narkar da shi a ruwa a zuba a kan saiwa da yamma, bisa ma'aunin da aka rubuta, kuma cikin 'yan makonni ake ganin kore. Yana da tsada, kuma ba ya gyara ƙasa, saboda haka a ceci itacen da shi, a bi da ramukan farar wuta.

An yi tambaya kan takin zamani. In za a saya, salfat nashadir ya fi yuriya dacewa da wannan ƙasa, don yana barin tsami fiye da ita. Kaɗan kaɗan ake sa shi, a bi da ruwa.

An tambayi ruwan wanki. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko kayan miya suna da kyau ga itace. Ruwan garin sabulu kuwa kanwa ne da gishiri, a zubar da shi nesa. Zuba khal ko ruwan lemo a ƙasa asara ce, tsaminsu ba ya daɗewa.

Wani matashi ya ce, wanda ba shi da kuɗin kibrit fa? Ɗan'uwa, ya kwashe ɓaraguzai da toka, ya cika ramukan da ruɓaɓɓen taki kaɗai, ya gyara ban ruwa, ya rufe ƙasa da ganye. Wannan ya ɗauke babban rabo na aikin, kuma kyauta ne. Wanda ke kusa da kogi, kamar mutanen Tuti, Shambat da Jiref, lakar da Nilu ke bari bayan cikowa tana gyara gindin itace.

A ƙarshe, ba kowane itace ke bukatar wannan wahala ba. Dabino, darbejiya, kurna, aduwa, bagaruwa, rumman da lalle suna zaune lafiya da ƙasa mai kanwa, ruwa kawai suke so. Gwaba tana da juriya daidai gwargwado. Lemo da mangwaro ne masu ƙorafi, su za a kashe wa kuɗi. Inda itace ya mutu za a dasa sabo, a zaɓi mai jurewa, ko a gyara ramin da taki da farar wuta wata biyu kafin dashe, don gyaran ƙasa kafin saiwa ta shiga ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Waɗanda ke zaune tare da mu a nan, wannan ilmi yana aiki a kan itatuwan sansani da na masu masaukinmu, amma a nemi izinin mai itace kafin a haƙa. Za a iya fara tara kashin dabbobi da ganye a rami tun yanzu, ana yayyafa ruwa ana juyawa, don hannu ya saba. Mai son ganin gwajin khal ko na takarda ya kawo ƙasa cikin tafin hannu da reshe mai ganye zuwa teburin sashen noma, za mu duba tare. Mai shirin tafiya kuma ya fara halartar zaman wayar da kai kan abubuwan fashewa, shi da yaransa, kafin ya hau mota.

Allah ya kawo zaman lafiya a Sudan, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.